Daga Nuwamba zuwa Maris: yadda ɗan besbol zai shirya jikinsa da hannunsa kafin a buɗe kakar wasa

Shekara uku da suka wuce, ɗan yayana da aka haifa a unguwar Bronx ta birnin Niyok ya yi wata goma sha ɗaya yana jifan ƙwallon besbol ba hutu. Ya buga wa makarantarsu daga Maris zuwa Yuni, da aka yi hutu ya shiga wata ƙungiya mai yawon gasa, ya zarce da wasannin Satumba da Oktoba. Sanyi na shigowa, Yaya ya biya masa kuɗin wani ɗakin atisaye, wai kada hannun ya yi sanyi. A wasa na biyu na watan Afrilu ina zaune a gefen fili na ga yaron yana yarfa hannu bayan kowane jifa, kamar wanda ya taɓa tukunya a kan wuta. Likita ya ce an yi sa'a jijiyar gwiwar hannun ba ta tsinke ba, amma wata uku ba jifa. Haka kakar ta wuce yana kan benci da fensir yana rubuta wa abokansa maki.

Abin da ke ƙasa shi ne tsarin da muka koma bi tun daga nan. Na gina shi a kan matashi ɗan shekara 14 zuwa 18 da ke wasan makaranta a arewacin Amurka, inda dusar ƙanƙara ke rufe filaye daga Disamba zuwa Fabrairu. Na fi ba mai jifa ƙarfi, don shi ne ya fi lalacewa, amma mai bugu (mai dukan ƙwallon da kulki) da mai cafewa (wanda ke tsugunne a bayansa yana cafe jifan) ma da rabonsu a ciki. Wanda ke wata ƙasa sai ya sauya sunayen watanni, lissafin makonnin dai yana nan.

Mataki na farko: ɗauki kalanda ka ƙirga da baya

Nemo ranar da ƙungiyarku za ta fara atisaye, ka zana mata da'ira. A ce tsakiyar Maris ce. Ja baya mako huɗu zuwa biyar, ranar da za ka fara hawa tudun jifa (ɗan tudun da mai jifa ke tsayawa a kai a fili) ke nan, wato wajen tsakiyar Fabrairu. Daga nan ja baya mako shida, ka sauka a farkon Janairu, ranar da za ka sake ɗaukar ƙwallo. Abin da ya rage a baya, Nuwamba da Disamba, na hutun hannu ne da ginin jiki. Idan ka ƙirga ka ga makonnin ba su isa ba, ƙarshen wasannin bara za ka datse. Kada ka taɓa makonni shidan nan na Janairu.

Manya ma haka suke yi. A babbar gasar Amurka kowace ƙungiya na buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kuma tun tsakiyar Fabrairu ake buɗe sansanonin share fage a jihohin Fulorida da Arizona. Masu jifa da masu cafewa su ake fara kira, kwanaki kafin sauran 'yan wasa, saboda hannu ya fi kowace gaɓa jinkirin shiryuwa. A Japan ranar 1 ga Fabrairu ake shiga sansani, galibi a Miyazaki da Okinawa, bayan 'yan wasa sun yi Janairu suna atisayen ƙashin kansu. Mutanen da wannan ce sana'arsu ke nan, amma ba su yarda su fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyu: ajiye ƙwallo

Wannan ne matakin da ya fi wuya, musamman ga iyaye. Uba ya ga 'ya'yan maƙwabta suna zuwa atisaye a Disamba, nasa yana gida, sai ya ji kamar an bar shi a baya. A 2014 babbar gasar Amurka da hukumar besbol ta ƙasar suka fitar da ƙa'idojin kare matasa masu jifa, waɗanda suka kira Pitch Smart. A ciki sun ce matashi ya yi aƙalla wata huɗu a shekara ba ya jifa a gasa, kuma wata biyu zuwa uku daga ciki su zo a jere ba tare da ya ɗaga hannu ya jefa komai ba. Binciken da aka yi a cibiyar likitancin wasanni ta Birmingham a jihar Alabama, inda Dakta James Andrews da Glenn Fleisig suka daɗe suna aiki, ya nuna matasan da ke jifa fiye da wata takwas a shekara sun ninka sauran kusan sau biyar wajen kaiwa ga tiyata.

Ga dalilin. Duk lokacin da hannu ya koma baya zai saki ƙwallo, gefen gwiwar hannu na ciki yana neman buɗewa, kuma wata 'yar jijiya da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba ce ke riƙe da ƙasusuwan. Kowane jifa mai ƙarfi yana yi mata ɗan ƙaramin rauni. Tsoka tana da jini sosai, tana warkewa cikin kwanaki, ita kuwa jijiya jininta kaɗan ne, sai an ba ta makonni. Yaron da bai gama girma ba yana da ƙarin matsala, domin bakin ƙashinsa a gwiwar hannu da kafaɗa bai gama ƙarfi ba, jifa na iya janye shi. Idan jijiyar ta tsinke, sai tiyatar da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa ɗan wasa Tommy John a 1974, wadda har yau da sunan ɗan wasan ake kiranta. Ana warkewa, shi kansa Tommy John ya dawo ya ci wasa 164 bayanta, amma jinyar shekara guda ce zuwa shekara ɗaya da rabi. Ga yaron da shekarunsa na sakandare huɗu ne kacal, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

A mako biyun farko ka huta gaba ɗaya, ka yi barci, ka biya bashin karatu. A nan ne kuma za ka faɗi gaskiya game da duk inda ke maka ciwo. Zafi a cikin gwiwar hannu, ko suka a cikin kafaɗa, ko ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna mutuwa bayan jifa, duk na likita ne, kuma a Nuwamba ya kamata ya gani, lokacin da akwai sararin jinya. Bayan mako biyun ka koma motsi. Buga ƙwallon ƙafa, buga kwando, yi iyo kaɗan. Abin da aka hana shi ne jifa daga saman kafaɗa, ko da kuwa ƙwallon wani wasan ne.

Mataki na uku: gina jiki daga ƙasa

Mai kallo yana ganin hannu ne ke jifa, alhali kusan rabin ƙarfin daga ƙafafu da ƙugu da gangar jiki yake tasowa. Ƙafar baya ta tura ƙasa, ta gaba ta cake ta tsaya cak, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, hannu ya zo ƙarshe kamar bakin bulala. Yaron da ƙafafunsa ba ƙarfi da hannu yake biyan bashin. Saboda haka daga tsakiyar Nuwamba ka ware kwana uku a mako don ɗaga ƙarfe, da kwana ɗaya a tsakanin kowane biyu, misali Litinin, Laraba da Juma'a.

Kowace rana ka fara da aikin ƙafa guda babba: tsuguno da nauyi a ƙirji, ko ɗaga ƙarfe daga ƙasa da baya a miƙe. Ka bi shi da aikin ƙafa ɗaya, wato ka yi taku mai faɗi ka durƙusa ka taso, gaba da kuma gefe, tunda a kan ƙafa ɗaya ake jifa, a kanta ake gudu. A makonni huɗun farko nauyin ya zama matsakaici, zubi uku, kowane zubi sau 8 zuwa 10. Daga nan a ƙara nauyi a rage yawa, zubi huɗu sau 4 zuwa 6. Ma'aunin da nake ba yara shi ne ka ajiye ƙarfen kana jin da saura biyu a jikinka. Wanda bai taɓa ɗaga ƙarfe ba ya nemi wanda ya iya ya tsaya a kansa, ya yi wata guda yana koyon tsayuwa da nauyin da bai kai ya kawo ba.

A saman jiki, ja ya fi turi. Duk zubi ɗaya na turawa ka yi biyu na jawowa, kamar rataya a ƙarfe ka ja jikinka sama, ko ka sunkuya ka jawo nauyi zuwa kwiɓi. Tsokokin bayan kafaɗa su ne birkin hannu bayan an saki ƙwallo, kuma su suka fi shan wahala. Samari suna son kwanciya a benci su tura ƙarfe don ƙirji ya fito a madubi. Ban hana ba, amma da ƙananan ƙarafa na hannu bibbiyu, kuma ban da tura ƙarfe daga bayan wuya.

Sai aikin da kowa ke rainawa, na ƙananan tsokokin da suka kewaye gaɓar kafaɗa. Igiyar roba ce kayan aikinsa, ko ƙarfe mai kilo ɗaya zuwa biyu. Ɗaura robar a hannun ƙofa, manna gwiwar hannu a kwiɓinka da ɗan tawul a tsakani, ka juya hannun waje a hankali ka dawo a hankali, sau 15. Juyo ka yi na ciki. Kwanta rubda ciki a bakin gado ka ɗaga hannu gefe, babban yatsa na kallon sama, kana matse allon kafaɗa. Ƙara da naɗe wuyan hannu sama da ƙasa, don tsokokin da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu suna taya jijiyar nan ɗaukar kaya. Minti goma sha biyar ne, sau uku a mako. Akwai sanannen jerin motsi goma na masu jifa da masanin gashin ƙashi Kevin Wilk da abokan aikinsa suka tsara, duk kocin kirki ya san shi. Idan ka ji wuya da saman kafaɗa ne ke aikin, nauyin ya yi yawa.

Daga Disamba ka shigo da ƙwallo mai nauyin kilo biyu zuwa uku, irin wadda ake riƙewa da hannu biyu. Tsaya gefe da bango, juya ƙugu ka maka ta da dukkan ƙarfinka, sau biyar zuwa shida kowane ɓangare. Sauri ake nema a nan, da ka ji ya ragu ka tsaya. Gudu ma haka. Tsakanin tasha da tasha a fili, wato wuraren da mai bugu ke gudu ya taka bayan ya bugi ƙwallo, ƙafa 90 ne, kimanin mita 27, kuma masu farautar 'yan wasa da gudun yadi 60 suke auna yaro. Zagaye unguwa na awa guda ba zai ƙara maka komai a wannan ba. Ka yi gajeren gudu na mita 10 zuwa 30 da iya ƙarfinka, sau shida zuwa takwas, da cikakken hutu a tsakani, sau biyu a mako. Tsagewar naman bayan cinya na cikin raunukan da suka fi yawa a wannan wasa, kuma maganinta mai arha ne: durƙusa a kan tabarma, wani ya danne maka idon sawu, ka tafi gaba a hankali kana riƙe kanka har sai ka kasa. Sau biyar ya isa a farko. Washegari za ka tuna da ni a kan matakala.

Abinci ba ya buƙatar dogon bayani. Shinkafa da wake, tuwo da miya mai nama, ƙwai, kifi, madara, gyaɗa, sau uku a rana da ɗan abin taɓawa bayan atisaye. Barci awa takwas zuwa tara. Garin ƙarin ƙarfi da ake tallatawa a intanet kuwa, kada ka sha abin da likita bai duba ba, domin a babbar gasa wanda aka kama da haramtaccen sinadari karon farko wasa 80 ake dakatar da shi. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a Fabrairu da Maris, daidai lokacin hawa tudu. Mu dai mukan mayar da ɗaga ƙarfe bayan buɗa-baki, jifa kuma mu rage yawansa mu sa shi dab da magariba, a sha ruwa sosai tsakanin isha'i da sahur.

Mataki na huɗu: komawa jifa

Nan ne ake yin ɓarnar da ta fi yawa. Yaro ya huta wata biyu, ya ƙara ƙarfi, ya ji hannunsa sakayau, sai ranar farko ya nemi ya fasa safar hannun da abokinsa ke cafewa da ita. Tsokarsa ta shirya, jijiyarsa ba ta shirya ba. Ƙwallon ba ta wuce giram 142 zuwa 149 ba, amma saurin da hannu ke juyawa da ita ne ke yin aikin.

Kafin kowane jifa ka ɗumama jiki har gumi ya tsatso, sannan ka yi robar kafaɗa. Makon farko ku tsaya ƙafa 45 tsakaninku, wajen mita 14, jifa 25, hutun minti biyar, wani 25, kwana uku a mako. Ƙwallon ta tafi da ɗan lanƙwasa sama, kana ɗan taku kafin ka saki, kana nufin ƙirjin abokinka. Mako na biyu ƙafa 60, na uku 90, na huɗu 120. Kowace rana daga kusa ake farawa a ja baya sannu a hankali, a gama a dawo kusa. A mako na biyar da na shida ka koma kwana huɗu, ka kai ƙafa 150 ko fiye idan hannu ya yarda, kuma a jifa goman ƙarshe, kana matsowa, ka fara miƙe ƙwallon da ƙarfi. Jimillar jifan rana kada ta wuce 60 zuwa 75. Idan babu dogon ɗaki, raga ko katifa a jingine da bango ta wadatar, sai ka riƙa ɗaga inda kake nufa sama don ya zama kamar nesa. Jifa a waje cikin sanyin da yatsu ba sa jin ɗinkin ƙwallo wauta ce.

Dokar ciwo guda uku ce, ka rubuta ta a bangon ɗaki. Gajiyar tsoka da ta watse bayan ɗumama jiki, ci gaba. Tsamin da ya wuce jifa goma sha biyar na farko bai tafi ba, tsaya, huta kwana biyu, koma matakin baya. Zafi mai suka a cikin gaɓa, ajiye ƙwallo ka nemi likita. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta kwanan wata, nisa, yawan jifa da yadda hannu ya kwana. Ɗan yayana ya yi ta gunaguni a kan littafin nan, amma shi ya nuna mana cewa duk ranar da ya yi jifa washegarin ɗaga ƙarfe mai nauyi, kafaɗarsa takan kwana biyu tana tsami. Muka haɗe su rana ɗaya, jifa da farko, ƙarfe daga baya, matsalar ta kau.

Za ka ji labarin ƙwallaye masu nauyi daban-daban da ake jifa da hannu ɗaya don ƙara gudun ƙwallo, waɗanda cibiyar Driveline da ke jihar Washintan ta yi fice da su. Suna aiki, ba musu. Sai dai wani bincike da Mike Reinold da abokansa suka wallafa a 2018 a kan matasa ya nuna bayan mako shida gudun jifansu ya ƙaru da kashi uku da ɗoriya cikin ɗari, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka yi atisayen sun ji rauni, a lokacin ko a kakar da ta biyo. Ra'ayina, yaron da bai gama girma ba, ko wanda babu ƙwararre a kansa, ya bar su.

Mataki na biyar: hawa tudu

Daga tudun jifa zuwa farantin da mai bugu ke tsayawa a gefensa ƙafa 60 ne da inci 6, mita 18.44, kuma gangaren tudun yana ƙara wa hannu kaya. Sau biyu a mako ya isa, da kwana biyu ko uku a tsakani. Zaman farko jifa 15 zuwa 20, miƙaƙƙen jifa zalla, da abin da kake ji kamar rabin ƙarfinka. Na ce kamar, domin gwajin da aka yi a cibiyar Birmingham ya nuna idan mai jifa ya ce rabin ƙarfi ya sa, gudun ƙwallon yakan kai wajen kashi 85 cikin ɗari na cikakken jifansa. Jiki ba ya faɗin gaskiya a nan, don haka ka rage fiye da yadda kake zato. A bar na'urar auna gudu a cikin jaka sai mako na uku, da yaro ya gan ta ya manta da duk wata yarjejeniya.

Kowane mako ƙara jifa biyar zuwa goma. Mako na biyu shigo da jifan yaudara mai rage gudu, na uku mai lanƙwasa. A mako na huɗu ka fara kwaikwayon wasa: jifa 15, zauna minti bakwai, tashi ka yi wani 15, don hannu ya saba da hucewa da sake ɗaukar zafi. Bayan nan a tsayar maka da mai bugu na gaske. Ƙa'idar Pitch Smart ta ba ɗan shekara 13 zuwa 16 iyakar jifa 95 a rana, ɗan 17 da 18 kuma 105, sannan ɗan 15 ko 16 da ya kai 76 sai ya huta kwana huɗu. Wannan ita ce iyaka ta ƙarshe, ta tsakiyar kaka. A wasannin farko 45 zuwa 60 sun isa.

Mai bugu da mai cafewa

Su ma su bi tsarin jifan Janairu har ƙafa 120 ko 150, tudu kawai aka ɗauke musu. Mai bugu ya ajiye kulki mako uku zuwa huɗu, sannan ya fara da ƙwallon da aka ɗora a kan sanda, bugu 25 zuwa 30, kwana uku a mako. Bayan mako biyu a riƙa cillo masa daga gefe, sannan daga gaba, na'urar harbo ƙwallo ta zo ƙarshe. Bugu ɗari biyu a ranar farko kanta yake fitarwa a tafin hannu, ya kuma yaga naman kwiɓi, raunin da kan ci wata guda. Idan da abin gyara a tsayuwa ko riƙon kulki, Disamba da Janairu ne lokacinsa, kuma abu ɗaya tak za a ɗauka. Aza waya a gefe ta ɗauki bidiyo, ka gwada na yau da na makon jiya. Mai cafewa ya ƙara da buɗe ƙugu da sassauta idon sawu kullum, kuma ya ƙirga jifan da yake mayar wa masu jifa, don su ma jifa ne. Yaron da ke cafewa kuma yana hawa tudu a ƙungiya ɗaya, hannunsa aiki biyu yake yi, gara ya zaɓi ɗaya.

Sabuwar safar hannu a Disamba ake sayenta, a yi ta cafe da ita, a kwantar da ita da ƙwallo a ciki an ɗaure, don fatar ta yi laushi kafin Maris. Sabon takalmi mai ƙusa ma a sa shi sau da yawa kafin ranar. A makon ƙarshe rage ɗaga ƙarfe zuwa kwana biyu, nauyin yana nan amma zubin ya ragu, haka za a ci gaba har cikin kaka. Ranar atisayen farko ka tafi da littafin nan a jaka, ka buɗe wa koci shafin ƙarshe ka ce, "Koci, ga inda na tsaya, jifa 40 daga tudu ranar Talata," don ya san daga inda zai ɗora.